Labarin kotu na Kiristoci da na kasuwa: wanne za a miƙa wa wadda aka ci zarafinta?

Salama, Mama. Kin ce akwai wata yarinya a Zumuntar Matanku mai son karanta ƙagaggun labarai na Turanci, wadda wani babba ya lalata tun tana ƙarama, sai yanzu ta fara buɗe baki. Kina tambayar bambancin labaran kotu da marubuta Kiristoci ke rubutawa a Amurka da waɗanda ake rubuta wa kowa da kowa, wato na kasuwa, da kuma wanda ya dace ki sa mata a hannu. Ni dai na Kiristocin zan ce ki ba ta, amma ba kowanne ba, domin a cikinsu akwai wanda zai fi na kasuwar yi mata illa.

Ginin labarin kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Mace ta shekara da shekaru tana haɗiye abu, wanda ya cuce ta mai kuɗi ne ko mai suna, wata lauya ta karɓi shari'ar da kowa ya ce ba za a ci ba. Daga nan barazana ta fara: a bi ta da mota da dare, shaida ya janye, takarda ta yi ɓatan dabo daga fayil. Abin da ke hana mai karatu barci ke nan ko'ina. Inda suka fara rabuwa shi ne abin da ake nuna wa ido. Kamfanonin da ke buga na Kiristoci, irin su Bethany House da Revell da Thomas Nelson da Tyndale House, suna da iyakar da marubuci ba ya tsallakewa: ba ashar, ba kwatanta kwanciya, ba a baje ɗanyen aikin a fili. Marubucin kasuwa kuwa yana da damar shigar da ke ɗakin da abin ya faru, ya rufe ƙofa, ya yi shafi biyar a ciki. Wasu suna yi da niyyar kirki, don mai karatu ya ji ɗacin abin. Amma ga wadda ta riga ta san ɗakin nan, shafukan ba su koya mata komai, mayar da ita ciki kawai suke yi. Na Kiristoci mai kyau yakan tsallake daren ya nuna miki abin da ya bari: ba ta iya zama inda za ta ba ƙofa baya, ana cikin waƙar sujada ƙamshin wani turare ya bugi hancinta ta fice da gudu, ta tsaya bayan gini tana haki ba ta iya faɗin dalili. A wannan fannin na Kiristoci ya yi nisa.

A maganar kotu kanta, na kasuwa ya fi yawan faɗin gaskiya mai ɗaci. A Amurka fiye da kashi 90 cikin ɗari na hukuncin laifi ba ya zuwa ta zaman shari'a gaban mutum goma sha biyun da ke taya alƙali yanke hukunci. Wanda ake tuhuma ne ke amsa laifi a rage masa zaman kaso, a rufe magana a ofis. Idan ma an zauna, sai mai gabatar da ƙara ya kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana, abu mai wuya idan laifin ya kwana shekara ashirin kuma ba wanda ya gani. Shi ya sa mata da yawa ke bi ta ƙarar neman diyya, inda rinjayen hujja ya isa. Ga kuma wa'adin shigar da ƙara, wanda ya daɗe yana kashe shari'a tun kafin a fara ta: yarinya ta girma ta sami bakin magana, a ce mata lokaci ya wuce. Sai a 2019 jihar Niyok ta yi dokar da ta buɗe ƙofa na ɗan lokaci ga waɗanda wa'adinsu ya riga ya ƙare, ta rufe a watan Agusta na 2021. Marubucin kasuwa ba ya jin nauyin barin mugu ya sha da ƙyar ta irin waɗannan kafofi. Marubucin Kirista, ko da shi kansa lauya ne, wani lokaci tausayi kan rinjaye shi: a yi addu'a da dare, gari na wayewa wata wasiƙa ta ɓullo, ko mai laifin ya fashe da kuka gaban alƙali ya tona kansa. Na yarda Allah yana amsa addu'a. Amma yarinyar da ke tunanin kai ƙara tana bukatar ta san lauyan wancan ɓangaren zai tsare ta da tambayoyi, me ya sa kika koma gidan, me ya sa ba ki faɗa wa mahaifiyarki ba, kuma mai yiwuwa ba wata wasiƙa da za ta zo ta cece ta.

Sai dai akwai abin da na kasuwa ya cika sakaci da shi. A wurinsa gwarzon labari lauya ne, matar kuwa shari'a ce da ya ci. Alƙali na buga guduma, 'yan jarida su taru a matakalar kotu, littafi ya ƙare. Ba a bin ta gida a ga ko ta yi barci a daren. Na Kiristoci yakan bi ta. Yana barin ta ta yi fushi da Allah, ta tambaye shi ina yake lokacin da take shekara tara, ta daina zuwa sujada, ta je wurin mai ba da shawara mako bayan mako, ta koyi amincewa da mutum ɗaya tak. Tambayar da take kwana da ita, ko har yanzu tana da daraja a gaban Allah, kotu ba ta da hurumin amsa ta, kuma irin wannan littafi ne kaɗai ke ɗaukarta da nauyi. Dalilina ke nan na zaɓarsa.

To, a nan ne kuma haɗarin yake, Mama, kuma ina roƙonki ki sa ido sosai. Haɗarin shi ne gafarar gaggawa. Akwai labarin da za ki ga kotu ado ce kawai a cikinsa: duk shafukan suna tura matar zuwa ranar da za ta yafe, da ta yafe sai ciwon ya ɗauke, ƙarar ma ta zama kamar alamar taurin zuciya. Kin san wannan muryar, ba sai an je Amurka ba. Dattawa biyu su zo da yamma, su zauna kan tabarma, a yi addu'a, sannan a ce, "'Yata, ki yi haƙuri, ki bar wa Allah. Ya riga ya tuba. Kada sunan ikilisiya ya ɓaci." A buɗe Matiyu sura 18 a karanto mata yadda ake sasanta ɗan'uwa da ɗan'uwa, a manta cewa a farkon surar nan ne Yesu ya ce wanda ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe, gara a rataya masa dutsen niƙa a wuya a nutsar da shi a teku. Littafi Mai Tsarki bai rufe irin wannan ba. A 2 Sama'ila sura 13, bayan Amnon ɗan Sarki Dawuda ya yi wa 'yar'uwarsa Tamar fyaɗe, ɗan'uwanta Absalom ya ce mata ta yi shiru, Dawuda ya ji ya husata ƙwarai amma bai hukunta ɗansa ba, ita kuwa ta zauna a gidan ɗan'uwanta a kaɗaice. Shirun bai warkar da ita ba, bayan shekara biyu kuma jini ya zuba a gidan. Littafin da ya maimaita wa yarinyarku shawarar Absalom, ko da ayoyi ne suka cika shi, ya fi na kasuwa muni, domin shi na kasuwa bai yi mata magana da sunan Allah ba.

Ma'aunin da nake auna waɗannan labarai da shi ba ƙage ba ne. A watan Janairu na 2018, a jihar Mishigan, mata fiye da 150 suka tsaya ɗaya bayan ɗaya gaban mai shari'a Rosemarie Aquilina suna faɗin abin da Larry Nassar, likitan 'yan wasan motsa jiki na Amurka, ya yi musu. Ya riga ya amsa laifi, don haka zaman na yanke hukunci ne. Ta ƙarshe da ta yi magana ita ce Rachael Denhollander, lauya kuma Kirista, wadda ya ci zarafinta a 2000 tana shekara 15, ita ce kuma ta fara fitowa fili da sunanta a 2016. Ta dube shi ta ce ta yafe masa, ta ce tana addu'a nauyin laifinsa ya danne shi har ya kai shi ga tuba ta gaskiya. A tsayuwar nan ɗaya kuma ta roƙi kotu ta ba shi hukunci mafi tsanani. Aka yanke masa shekara 40 zuwa 175. A jawabin nan ta faɗi cewa tsaya wa waɗanda aka ci zarafinsu ya raba ta da ikilisiyarta. Idan matar da ke cikin littafi ta iya yafewa ba tare da ta janye shaidarta ba, kuma marubucin bai ɗora mata laifin jinkiri ba, littafin ya yi.

Ki duba kuma inda marubucin ya ajiye mugun. Da yawa sukan sa shi can waje, attajiri marar tsoron Allah ko ɗan siyasa, ikilisiya kuma ta zama mafaka zalla. Yana da daɗin karatu, amma a watan Fabrairu na 2019 jaridar Houston Chronicle ta fitar da binciken da ya nuna shugabanni da masu hidima kusan 380 a ikilisiyoyin ɗarikar Southern Baptist ta ƙasar Amurka an zarge su da cin zarafi cikin shekara ashirin, waɗanda aka cuta sun haura 700. Marubucin da ya yi ƙarfin halin sa mai laifin a kan bagadi ko a ajin yara na ranar Lahadi, ya kuma nuna wani fasto da ya ƙi rufa asiri ya kira 'yan sanda, shi ya fi ƙaunar ikilisiya a ganina.

Ki fara karanta littafin da kanki, ko aƙalla surori uku na ƙarshe, a nan za ki gane ko wane iri ne. Ki gaya mata abin da ke ciki kafin ta buɗe, ki ce tana iya ajiyewa a kowane shafi. Ki kuma tuna mata kotun cikin littafin ta Amurka ce. A Najeriya babu mutum goma sha biyun nan, alƙali ne ke sauraro ya yanke, ga dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, waɗanda aikinsu ya danganta da jihar da kuke. Idan karatun ya sa ta fara maganar kai ƙara, ki raka ta wurin lauya ta ji yadda abin yake a jiharku, ki kuma tambaye ta ko mutumin yana kusa da wasu yara har yanzu.