Ejan na AI ya sa na yi wa mutane faɗa a kan laifin da ba nasu ba

Wata na biyar ke nan ina biyan kuɗin wannan ejan na AI (manhajar da ke gudanar da aiki da kanta) mai karanta log, wato bayanan da kwamfuta ke rubutawa na duk abin da ya faru a cikinta, da dala kuma, ba da sidi ba, amma har yau idan na tuna Lahadin ƙarshen azumin 2025 sai raina ya sosu.

Ni nake kula da ƴar manhajar da kawuna yake tafiyar da susu da ita a nan Kumasi. Yaransa suna zagaya Kejetia da Asawase da Aboabo suna karɓar zubi daga masu tumatir da masu atamfa, wasu kuma su turo ta waya. Sabar, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, ta haya ce a Frankfurt ta Jamus, Ubuntu 22.04 (wani nau'in Linux) ke kanta, nginx mai karɓar buƙatun masu shigowa a gaba. A da, in abu ya tsaya, kwana nake ina grep, wato lalube a cikin log, har idona ya yi ja. Shi ya sa a watan Fabrairu na zauna na tsara wa ejan ɗin hanyar bincike: ya ɗauki lokacin da manhaja ta daina amsawa, ya duba log ɗin kurakuran nginx da na Linux minti biyar kafin nan da bayan nan, ya faɗa mini abin da ya fara lalacewa. Na gwada shi da tsofaffin matsaloli uku da na riga na san sanadinsu, ya cinye duka ukun. Aikin dare guda ya koma na lokacin shan koko. Har abokan aiki biyu na sa suka yi rajista.

Sai ranar 30 ga Maris ta zo. Sallah ta ƙarato, kowa yana son cire kuɗinsa ya biya tela, ya yi cefane. Wajen ƙarfe goma da kwata na safe manhaja ta fara jefo kuskuren 502, alamar ba ta amsawa, ta dawo, ta sake faɗuwa. Kawu ya kira ni, ina jin hayaniyar mata a bayansa. Ya ce, "Ɗana, Hajiyoyin nan sun cika mini shago, me zan ce musu?" Na ce, "Kawu, a ba su haƙuri, yanzun nan zan gano."

Na saki ejan. Cikin ƙasa da minti biyu ya kawo rahoto mai tsari, babu ko "wataƙila" ɗaya a ciki: kamfanin da muke karɓar kuɗin waya ta hannunsa ne yake jinkirin amsawa, ga layi biyu a nginx da ke nuna an jira har lokaci ya ƙure. Na yarda. Na buga wa kamfanin, wata baiwar Allah ta ɗauka, na wanke ta tas alhali ina da azumi a bakina. Ta yi ta cewa komai lafiya a ɓangarensu, ni kuwa ina cewa ga shaida a hannuna. Sa'a uku muka ɓata a kan wannan hanyar.

Da azahar ta wuce na buɗe log ɗin da kaina, sai na ga agogon sabar ya ba mu sa'a biyu maimakon ɗaya. Ghana tana kan GMT shekara duka, ba ma taɓa agogo. Jamus kuwa tana matsar da nata gaba da sa'a guda a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mayar a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, kuma a daren nan aka matsar. Manhajarmu tana rubuta lokaci da UTC, wanda ya yi daidai da GMT, amma log ɗin kurakuran nginx da tsohon salon syslog, wato log ɗin Linux, lokacin sabar kawai suke rubutawa, ba sa nuna yanki. Ashe tun Fabrairu ejan ya lura da tazarar sa'a ɗaya, ya kafe ta a cikin umarnin da ya rubuta wa kansa, bai faɗa mini ba. Don haka ranar yana leƙa 11:14 na sabar, abin kuwa ya faru a 12:14. A can layin yake zaune ƙarara: Out of memory: Killed process, wato ƙwaƙwalwa ta cika, an kashe manhaja. Akawun kawu yana ta fitar da lissafin dukkan masu zubi a lokaci guda, ƙwaƙwalwar sabar 2GB ce kacal, sai Linux ya kashe manhajar, systemd mai kula da manhajojin sabar ya tayar da ita, a sake.

In zan yi adalci, gwajina na Fabrairu yana da rauni, don dukkan matsalolin ukun na lokacin sanyin Turai ne. Kuma da na nuna masa tazarar, nan take ya gano sauran, har ya nuna mini wurin da lissafin yake loda komai a ƙwaƙwalwa. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne tabbacin da ya yi magana da shi. Layi biyu kawai ya gani, a sa'ar da ba ta dace ba, ya gina hukunci a kansu. Da ya ce shaidar ba ta isa ba, da ban ɗaga wa kowa murya ba. Na rubuta wa masu ejan ɗin bayani dalla-dalla, sai bayan mako guda suka turo amsar da ko tambayata ba ta taɓa ba.

Yanzu na mayar da agogon sabar UTC da umarnin timedatectl. Na hana ejan yanke hukunci sai ya kawo sunan fayil da lambar layi, kuma dole ya fara da faɗin agogon kowane log. Karatu kawai na ba shi izini, ba ya taɓa komai a sabar. Ina kuma dasa masa kuskuren ƙarya a tsofaffin log, har da wanda babu laifin komai a ciki, in ga ko zai ƙirƙiro. Sau ɗaya ya ƙirƙiro. Lambobin wayar masu zubi ma sai na rufe su kafin su bar sabar, saboda dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, kuma shi bai taɓa tuna mini da wannan ba duk da yana ganin lambobin a jere.

Ina amfani da shi har yanzu, don kwana a kan grep ba daɗi. Amma abokan nan biyu na koma na ce su bi a hankali. Ita kuma baiwar Allahn da na yi wa faɗa, bayan Sallah na kira layin sau uku don in nemi afuwarta, kowane lokaci wani daban ne yake ɗauka.