Mai gyaran jita na unguwar Zariya da aikin juya jitar bas ta bahago

Akwai wani mai gyaran kayan kiɗa a unguwar Zariya, nan Maradi, wanda muka kai wa aikin da ba kowane mai gyara ke karɓa ba. Jitar bas ce, wato jita mai kaurin amo, mai tsirkiya 4, kwaikwayon ƙirar Precision da kamfanin Fender ya fara fitarwa a 1951, kuma an ƙera ta ne domin bahago. Ƙanena, wanda da dama yake kaɗawa, ya same ta da araha a hannun dillalin da ya daɗe bai samu mai saye ba, kuma tunda itacenta lafiyayye ne, wuyanta a miƙe, muka ga ya fi kyau a juya ta da a sake fita neman wata.

Mai gyaran bai taɓa sukudireba ba sai da ya zaunar da mu ya rungumi jitar a kife, ya nuna mana abin da zai iya canzawa da abin da zai zauna yadda yake, domin tsirkiya tana juyuwa amma sassaƙar jiki ba ta juyuwa. Na ji daɗin wannan ƙwarai, saboda mun shiga aikin idonmu a buɗe.

Inda ya fi nuna gwaninta shi ne ɗan mashimfiɗin da ke bakin wuya, wanda tsirkiyoyi suke bi ta cikin tsagoginsa kafin su isa kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure su. Tsirkiyar da ta fi kauri, wadda ake kira Mi, tana da kaurin kusan milimita 2.7, wadda ta fi siranta kuwa, wato Sol, kaɗan ta haura milimita 1, don haka idan aka sauya musu wuri ba tare da an taɓa wannan abu ba, Mi ba za ta shiga tsagarta ba, Sol kuma za ta yi ta karkarwa a cikin tsagar da ta fi ƙarfinta. Masu gaggawa sukan faɗaɗa ƙananan tsagogin su bar manyan haka nan. Shi ya cire na robar gaba ɗaya, ya sassaƙa sabo da busasshen ƙashin saniya, yana gogawa da ƙaramar zarto kaɗan kaɗan, yana ɗora tsirkiya yana dannawa, yana leƙa tazarar da ke tsakaninta da ƙarfen gaɓa ta farko, sannan ya sake gogawa. Da ya gama babu tsirkiyar da ke zuza, kuma ba a wahala wajen danna gaɓoɓin farko.

Haka ya yi a ƙarfen gindi. Tsawon tsirkiya a irin wannan bas inci 34 ne, wajen santimita 86, amma kowace tana da ɗan mazauninta da ake matsawa gaba ko baya, kuma mai kauri ta fi son a ja nata baya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da manhajar saita sauti ta wayarsa, yana gwada amon tsirkiya a sake da amonta a gaɓa ta 12, har suka dace. Ya kuma duba sandar ƙarfen da ke cikin wuya, ya ce a dawo da jitar idan hunturu ya kama, domin bushewar iskarmu tana motsa itace. Maganaɗisun ɗaukar sauti na wannan ƙira kashi biyu ne, kuma bayan juyawa tsirkiyoyi biyu masu kauri, Mi da La, sun koma kan ɓangaren da ya fi kusa da gindi. Ya daidaita tsayin kowane ɓangare, kuma a kunnena amon ƙasa ya ƙara tsauri, abin da ya yi wa ƙanena daɗi.

Abubuwan da suka rage na jiki ne, kuma duk ya faɗa mana su tun farko. Maɓallan ƙara da rage murya sun koma sama, daidai inda hannun dama yake gogawa, haka ma ramin da ake soka wayar amfilifaya, sai da aka nemi waya mai lanƙwasasshen kai. Dogon ƙahon jitar ya koma ƙasa, yana tare hannu idan ana neman gaɓoɓin ƙarshe. Da aka mayar da ƙusar maratayi ɗaya gefen kuma, kan jitar ya fara rinjaya zuwa ƙasa, sai ya ba da shawarar a je wajen dukawa a ɗinko faffaɗan maratayi na fata mai kama kafaɗa, kuma hakan ya rage matsalar sosai. Da jitar tana da jiki mai gefe biyu iri ɗaya, kamar jitar Höfner da Paul McCartney, makaɗin ƙungiyar Beatles ta Ingila, ya yi suna da ita, da rabin wannan wahala bai taso ba.

Akwai wurare biyu da ban gamsu ba. Ɗigogin da ke gefen wuya, waɗanda makaɗi ke kallo don ya san inda yatsansa yake, sun koma ƙasa, shi kuwa sai ya ɗiga sababbi da farin fenti maimakon ya huda ya dasa su, kuma tuni babban yatsa ya fara goge wasu. Tsohon ramin ƙusar maratayi ma ya bar shi a buɗe, alhali cike shi ba zai ɗauki lokaci ba. Mai hannun da ya sassaƙa wancan ƙashi bai kamata ya yi sakaci da waɗannan ba. Aikin kuma ya wuce ranar alkawari, saboda ba ya ajiye tsirkiyoyin bas, sai da aka aika Kano aka sawo.

Kuɗin hannunsa jaka 12 muka biya, ban da kuɗin tsirkiya, kuma ban ga tsada a ciki ba idan na tuna zaman da ya yi a kan ƙashin nan. Wanda zai kai masa irin wannan aiki ya tafi da sababbin tsirkiyoyi a hannu, ya gwada riƙe jitar a kife yana tsaye kafin ya amince, ya kuma yi maganar ɗigogin wuya tun wajen ciniki.