Waya ko bututu: ɗumama ƙasan ƙananan ɗakuna

Hajiya, kin ce kuna ƙarin gini a bayan gidanku a Lesta ta Ingila: banɗaki, ɗan ɗakin wanki, da wani ƙaramin ɗaki na salla da karatun yara. Tambayarki ita ce, wayar lantarki za a shimfiɗa a ƙarƙashin daɓe ko bututun ruwan zafi. Mu ma mun yi irin wannan aiki a Bamingam, kuma duka biyun akwai su a gidan, don haka ga yadda na gan su.

Ta lantarki wata raga ce kamar tabarma, an ɗinke waya a jikinta, kaurinta bai wuce milimita 4 ba. A shimfiɗa, a zuba gam, a ɗora tayil, shi ke nan. Ba ta ɗaga ƙasa, ba ruwanta da boila, wato tukunyar gas mai zafafa ruwan ɗumama gida. Yawancinsu wat 150 suke bayarwa a kowace murabba'in mita, kuma daga kunnawa zuwa ɗumi bai fi rabin awa zuwa awa guda ba. Shi kuwa bututu sai an binne shi cikin siminti mai kaurin milimita 65 zuwa 75, sannan a haɗa shi da boila ta wata mahaɗa mai famfo da ke sirka ruwan, domin rediyeta, wato ƙarfen bango mai ɗumama ɗaki, tana shan ruwa mai digiri 60 zuwa 70, daɓe kuwa 35 zuwa 45 ya ishe shi. Yakan ɗauki awoyi kafin ya kama, amma in ya kama ba ya saki da wuri.

Wurin sakawa waya ta fi arha nesa ba kusa ba. Sai takardar kuɗin wuta ta zo ido yake raina fata, domin a Ingila lantarki ya kusa ninka gas sau huɗu. Saboda haka ki bar auna ɗakin tukuna, ki fara lissafa awa nawa za a zauna a cikinsa kullum.

A banɗaki waya nake ba ki shawara, tunda shiga da fita ne. Sai dai akwai wani tarko da mu muka faɗa. Namu mita 2 ne a kan 2, wato murabba'in mita 4. Ba a sa waya a ƙarƙashin bahon wanka, masai da kabad, don zafin yakan taru ya ƙona ta. Da aka cire waɗannan sai mita 2 suka rage, wat 300 ke nan, ga bango biyu suna fuskantar waje. A watan Janairu in na shiga alwalar asuba, tafin ƙafa na jin daɗi, kafaɗa na rawar ɗari. Daga baya dole muka ƙara rediyetar shanya tawul a bango. Ki sa ta cikin tsari tun yanzu, kada a zo ana fasa tayil sabo.

Ɗakin wanki kada ki wahalar da kanki. Injin wanki da na busarwa sun cinye rabin ƙasan, kuma na busarwar shi kansa yana ɗumama wurin.

Ɗakin salla ne nake cewa bututu, ba tantama. A ƙasa ake zama, yara su baje littattafai daga la'asar har isha, kuma ɗumin da ke fitowa daga simintin mai laushi ne, ba ya yankewa. In waya ce a nan, kullum sai ta yi awa biyar ko shida tana ci, ga kuma tilin matasai da katifar baƙi da ake jingina a lungu, waɗanda ke danne zafi a wuri ɗaya. Ki dai kula da abin da za ki shimfiɗa. Darduma ba ta hana komai, amma kafet mai kauri bargo ne a kan ɗumin. Ki duba lambar tog a jikinsa, wato ma'aunin yadda yake tare zafi; shi da soson ƙarƙashinsa kada su wuce 2.5. In katako ne, kada zafin saman daɓe ya haura digiri 27.

Sa'arki ita ce ba a zuba siminti ba tukuna. Yau bututu aikin yini guda ne, bayan an zuba kuwa sai da guduma. Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai: ɗaki ƙarami shi kaɗai yakan sa boila ta riƙa kunnawa tana mutuwa, domin abin da yake nema bai taka kara ya karya ba. Ki ce wa mai aikin famfo ya haɗa shi da kicin ko barandar ciki a kan na'urar auna zafi guda.

Ko wanne kika zaɓa, sai an sa allon hana zafi zurarewa a ƙarƙashi, in ba haka ba ƙasar Lesta za ki riƙa ɗumamawa da kuɗinki. Haɗa wayar banɗaki aikin mai lasisi ne, ya kuma ba ki takardar shaida kamar yadda sashen P na dokar gini ya tanada. Ranar sayar da gida za a neme ta. Simintin bututu a bar shi aƙalla mako uku kafin a kunna, a riƙa ƙara zafin kaɗan-kaɗan don kada ya tsage.

Ranar da aka gama shimfiɗawa, kafin a rufe, ki ɗauki hoton kowane lungu da tef ɗin awo a kwance. Namu hoton ne ya hana kafinta huda bututu lokacin da ya zo kafa matarin ƙofa.