Darasin yamma a Sabon Gari: babin kalsiyom da glandar ipofiz

Wata uku ke nan ina zuwa darasin yamma da wani malami yake bai wa ɗaliban fannin lafiya a unguwar Sabon Gari, a nan Damagaram. Akasarinmu daga Jami'ar André Salifou muke, kuma jika biyar kowa yake biya a wata. Abin da ya kai ni shi ne babin glandar ipofiz da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda masu karatu da Ingilishi ke kira fituwitari, domin na haddace sunayen sinadaranta tsaf amma ban san yadda suke aiki ba.

Ranar da muka zo kan GnRH, homon ɗin (sinadari mai kai saƙo a jiki) da ipotalamus, wani sashe na ƙwaƙwalwa, ke sakowa ta ƙananan jijiyoyin jini zuwa sashen gaba na ipofiz, malam ya zana ƙwayar halittar ipofiz a allo kamar gida mai rumbu a tsakar gida. Ya ce homon ɗin ba ya shiga ciki, a jikin bango yake mannewa da makarɓinsa, daga nan sinadarin fosfolipaz C ya samar da wani sinadarin mai suna IP3, shi kuma ya buɗe rumbun, wato retikulum, sai kalsiyom ɗin da ke ajiye ya kwararo nan take. Bayan wannan tashin farko ne ƙofofin bangon suke buɗewa, kalsiyom na waje, wanda ya ninka na ciki kusan sau 10,000, ya riƙa shigowa. Hauhawar nan ce take sa ƙwayar ta fitar da LH da FSH, masu tafiyar da sha'anin haihuwa.

Na fi amfana da bayaninsa kan gwajin da Ernst Knobil ya yi wa birai a 1978, wanda ya nuna cewa ipofiz tana amsa GnRH idan yana zuwa lokaci-lokaci, amma idan aka riƙa ba da shi babu ƙaƙƙautawa sai ta daina amsawa. Sai a ranar na gane dalilin da ya sa ake ba masu kansar furostat, wato glandar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, magani mai kama da wannan homon: don ipofiz ta daina amsawa, homon ɗin maza da kansar ke dogaro da shi ya ragu.

Ɗakin kuwa ya yi mana kaɗan, kuma idan wuta ta ɗauke da fitilar waya muke kwafar zanen allo. Babin TRH, wani homon ɗin na ipotalamus wanda shi ma ta hanyar IP3 yake ɗaga kalsiyom, a gurguje malam ya bi ta kansa, abin da bai yi mini daɗi ba. Na roƙe shi ya maimaita, ya kuma yi alkawarin yin haka ranar Asabar.