Wata takwas ina buga darar chess a Lichess, ga abin da na gani

Ni dai ɗan dara ne tun ina yaro, irin tamu ta gurbi a ƙasa da tsinke da dutse, ko da na zo Legas ban daina ba, in an tashi kasuwa a Mile 12 mukan zauna bayan rumfa mu buga har isha'i. Chess kuwa sai a watan Afrilun 2024 na fara kula da ita, lokacin da Tunde Onakoya, gwanin chess ɗan Najeriya, ya yi awa 60 yana bugawa a Times Square can Amurka, kuma aka ce mutumin nan yaran Ikorodu da Makoko da na ƙarƙashin gadar Oshodi yake koya wa. Na ce to abin da yaran ƙarƙashin gada suka iya, bari nima in gwada.

Manhajar farko da na sauke ba zan ma faɗi sunanta ba, kana cikin tunanin inda za ka kai doki sai talla ta faɗo maka, ka gama wasa kana son ganin inda ka yi kuskure a ce sai ka biya, ga cin data. Wani ƙanena ɗalibi a Agege ne ya ce min, yaya ka bar wannan ka sauke Lichess.

Gaskiya na ji daɗinta. Kyauta ce, babu talla ko ɗaya, wani Bafaranshe Thibault Duplessis ya kafa ta a 2010 kuma da gudummawar masu wasa ake tafiyar da ita. Amma abin da ya riƙe ni shi ne Stockfish, injin kwamfuta mai buga chess da ke ciki. In za ka buga da shi mataki takwas ne, na ɗaya zai bar maka sarauniyarsa ka ci a banza, na uku na yi sati biyar kafin na ci shi, yanzu ina fama da na huɗu. In kun gama da mutum sai ka danna bincike ya bi wasan taku ɗaya bayan ɗaya, ya nuna maka nan ka ɗan kauce, nan ka yi kuskure, nan kuma ka tafka babba, har ya zana maka kibiya inda ya kamata ka bi. Wallahi a dara na yi shekaru ana cinye ni da tarko iri ɗaya ba wanda ya taɓa gaya min, don gwani ba ya sayar da sirrinsa, amma nan a kwana uku na gane ina fito da sarauniya da wuri ina barin sarki a fili. Kuma ka tuna fa a 1997 sai da IBM ta haɗa katafariyar kwamfuta Deep Blue kafin aka doke Kasparov, zakaran chess na duniya a lokacin, yau wanda ya fi ta ƙarfi yana cikin wayata ina cikin danfo a goslo ɗin Ketu.

Wani abu kuma, mutane. Da asuba in haɗu da ɗan Indiya, da dare ɗan Masar ko Brazil, ba mu jin yaren juna amma wasa na tafiya. Ita chess ɗin ma daga Indiya ta samo asali, ta bi ta Farisa ta shiga hannun Larabawa suna ce mata shaɗaranji.

Shawarata ga sabon shiga, kar ka fara da wasan minti ɗaya ko uku, netwok ɗinmu na nan in ya ɗauke agogonka bai tsaya ba, na sha faɗuwa haka a wasan da na riga na ci. Ka zaɓi minti 10 ko 15, kuma ka riƙa yin wasan warware matsala ko biyar kullum. Satin da ya wuce na sayo allo na roba, yanzu mu huɗu ne a bayan rumfa, Alhaji mai albasa har ya fara kama yadda doki yake tsalle.