Lab ɗin da ya gano mana ciwon Yaya

Jama'a bari in ba ku labarin wani lab a Kano, don mu mutanen ƙauye ba kasafai ake zaunar da mu a yi mana bayani ba. Yayana ya shekara biyu yana fama da hawan jini ba ya jin magani, ciwon kai ya taso masa, gumi sharkaf, ƙirji na bugawa, har a gida an fara cewa iska ce. Daga ƙauyenmu gefen Gumel muka yi ta sintiri, sai sikanin ya nuna ƙari a saman ƙodarsa, a wata 'yar tsoka da ake kira adirenal. Aka yi aiki aka cire, aka ba ni naman a roba cikin fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, na kai lab.

Da suka ce sai an ƙara wani gwaji wai IHC wallahi na zata cin kuɗi ne. Likitar ta ce malam zauna. Ashe adirenal kashi biyu ce, ɓawonta ke yin sinadarin jiki mai suna kotisol, tsakiyarta ke yin adirenalin mai sa zuciya bugawa da sauri, kuma ƙarinsu kan yi kama a ido, har dajin huhu ma yakan yaɗo nan. Shi ya sa ake IHC, sai su yanka naman siriri a kan gilashi su ɗiga sinadarin da furotin ɗaya tak yake kamawa, in yana nan wurin ya rine ruwan ƙasa. Furotin ɗin SF-1 da inhibin na ɓawo ne, kromogiranin A na tsakiya. Ta bar ni na leƙa na'urar ƙara girman abu da idona, gilashin kromogiranin ya rine kamar an zuba shayi, na SF-1 fayau. Sunan ciwon fiyokromosaitoma, shi ke ta kwararo masa adirenalin a jini. Allah ya saka wa baiwar Allan nan, ba ta raina ni ba ko kaɗan.

Amma fa sun ɓata min rai. Sati ɗaya suka ce sai da aka yi huɗu, sinadari ya ƙare ba wanda ya kira, waya ba a ɗauka, sau biyu ina biyan kuɗin mota a banza bayan riɗinmu muka sayar.

Ta ce ciwon kan bi jini a dangi kuma yakan dawo, dole a riƙa duba Yaya duk shekara, sun kuma ajiye naman cikin kaki irin na kyandir ko za a sake buƙata. Zan koma wurinsu, sai dai ba zan hau mota ba sai na tabbatar sinadarin ya iso.