Na'urar taƙaita gudu a bas ɗin haya: ra'ayina a kanta

Masu motocin haya na Birnin Kebbi da Jega da ke ta tambaya ko wannan sifid limita, wato na'urar taƙaita gudu, tana da amfani ko kuɗin banza ne, ni dai na sa ta a bas ɗina mai yin Birnin Kebbi zuwa Yawuri, kuma gaskiya tana aiki. Tun 1 ga Fabrairu 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ta a motocin haya, ƙa'ida kuma bas kilomita 80 a awa ne a babbar hanya, 90 a ekspires, 50 cikin gari.

Aikinta ba wani boyayyen abu ba ne, ana haɗa ta da mitar gudu da hanyar mai, da zarar mota ta kai inda aka saita sai ta rage mai, ko direba ya taka totur har ƙasa ba abin da zai ƙaru. Abin da ya fi burge ni kenan, don sauran dabarun duk direbobi sun gane kansu. Shingen 'yan rod sefti tun daga nesa wanda ke tahowa zai haska maka fitila, kowa ya natsu ya sa bel, ana wucewa a ci gaba da tsula gudu. Tudun rage gudu na cikin garuruwa irin su Kalgo da Koko yana kare 'yan makaranta da masu talla, wannan ba musu, amma ana barin gari sai direba ya rama lokacin da ya ɓata. Ita kuwa na'urar tana tare da shi har cikin daji inda ba mai ganinsa.

Mai ma ya ragu a ci, wanda tun da aka cire tallafi a 2023 ba ƙaramin abu ba ne, taya da burki suna daɗewa.

Inda take da matsala shi ne obatekin. Hanyar Jega zuwa Koko hannu ɗaya ce kuma tireloli ba sa yankewa, direbana ya ce min, "Alhaji, in ka fito za ka wuce tirela mota ta ƙi ƙara gudu ga wata na tahowa, ranka ne a hannunka." Gaskiyarsa ne, dole mutum ya sake koyon haƙuri, sai hanya ta buɗe sosai sannan ya fita. Ga fasinjoji su ma wallahi da laifinsu, su ne masu cewa direba ya cika sanyi, ga Sharon da Golf suna ta wuce mu.

Kuma abin da ke ci min rai, mai wayarin cikin 'yan mintuna zai cire ta a bar takardar shaida a mota don nunawa. Me ke sa direba ya yi haka? Balas, wato kuɗin da direba ke kawo wa mai mota a rana. In ka ɗora masa kuɗin da sai ya yi sawu biyu a rana zai iya kawowa, kai mai mota kai ka tura shi gudu, shi ya sa ni na rage wa direbana balas tun ranar da aka sa ta.

Duk mai son sawa ya je wurin waɗanda hukuma ta amince da su, a saita ta a gabansa, ya karɓi takarda, kuma lokaci-lokaci ya shiga motar da kansa ya duba ko har yanzu tana yanke mai.